Tarin fuka: wata shida ba tafiyar mutum ɗaya ba ce

Duk sanda aka tayar da zancen abin da ya hana tarin fuka ƙarewa a duniya, akwai amsar da ke riga kowace fitowa, har daga bakin wasu masu ilimin abin. Sai ka ji an ce ai marasa lafiyan ne ba sa jin magana: magani kyauta aka ba su, suka sha na wata biyu, da suka ji dama-dama suka watsar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da saurin karɓuwa. Babu mai musun cewa mutane suna yanke magani. Abin da nake ja da shi shi ne inda ake sauke laifin, domin inda aka sauke laifi can ake kai gyara, mu kuwa mun daɗe muna kai gyara inda ba nan ɓarakar take ba.

Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana a birnin Balin na Jamus, ya bayyana musu ƙwayar da ke jawo cutar. A 1921 aka fara amfani da rigakafin BCG. Kafin shekarun 1940 su ƙare an samu sitireftomaisin, maganin farko da ya iya kashe ƙwayar a jikin mutum, sauran magungunan suka biyo baya. Amma ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023: kimanin mutum miliyan 10.8 suka kamu da ciwon, kimanin miliyan 1.25 suka rasu. An san mai jawo cutar shekara sama da 140, an san maganinta shekara kusan 80, kuma har yanzu babu wata ƙwayar cuta guda da ta kai ta kisa. Wanda ya ce taurin kan majinyata ne ya tara wannan adadi, to bai taɓa zama kusa da mai shan maganin ya ga yadda kwanakin suke wucewa ba.

Wata biyun farko magani iri huɗu ake haɗa wa mutum, isoniyazid da rifamfisin da firazinamaid da etambutol, sannan iri biyu na farkon su ci gaba har wata huɗu. Kullum, ba fashi, kuma galibi da safe kafin a sa komai a baki. Ƙwayoyin manya ne. Mutum ya juye su a tafin hannu, ya tsaya yana kallonsu kafin ya iya haɗiyewa, saboda ya san tashin zuciyar da ke biye. Fitsarinsa ya koma ja-ja saboda rifamfisin, har zufa da hawaye sukan rine, kuma idan ba wanda ya faɗa masa tun farko cewa wannan ba komai ba ne, ranar da ya fara gani zai ɗauka jini ne, hankalinsa ya tashi. Gaɓoɓi su yi tsami, tafin ƙafa ya riƙa zugi kamar ana tsira masa allura, wani kuma jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi. Ana cikin haka sai abin da ake fata ya fara samuwa: tarin ya lafa, zazzaɓin yamma ya tafi, zufar dare ta daina jiƙa shimfiɗa, cin abinci ya dawo da ƙarfinsa. A daidai wannan gaɓar ne ake rasa mutane. Jiki yana cewa ka warke, ciki yana neman ninkin abin da ya saba ci, aikin da aka bari yana jira, bashin da aka ci yana jira, maganin kuwa shi kaɗai ne ya rage yana wahalar da mutum. Idan ya ajiye shi a wannan lokaci, hukuncin da ya yanke kuskure ne mai tsada ƙwarai, domin ƙwayoyin da suka rage a huhu ba su mutu ba, amma kuskure ne irin wanda duk mai hankalin da aka matse haka zai iya yi.

Batun "ai kyauta ne" ma yana buƙatar a tsaya a kansa. Ƙwayar maganin ce kyauta a yawancin ƙasashe. Hanyar zuwa karɓo ta ba kyauta ba ce. Yinin da mai aikin ƙarfi ya rasa a layin asibiti ba kyauta ba ne. Kafin ma a gano cutar, da yawa sun riga sun zagaya wuri uku ko huɗu, an ba su maganin tari, an ba su na zazzaɓi, an yi hoton ƙirji, kuɗin hannu ya ƙare, an sayar da abin da za a iya sayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni: idan abin da gida ya kashe da wanda ya rasa saboda tarin fuka ya haura kashi 20 cikin 100 na abin da yake samu a shekara, gidan ya shiga halin durƙushewa. A tsarin kawo ƙarshen cutar da ƙasashe suka amince da shi a 2014, an yi alkawarin cewa zuwa 2020 ba gidan da zai sake shiga wannan hali. Binciken da aka gudanar a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin gidajen masu cutar suna cikinsa har yanzu. A cikin alkawuran wannan tsari, wannan ne ya fi ba ni takaici, saboda shi ne wanda ba ya jiran a ƙirƙiro wani sabon abu a ɗakin gwaji. Niyya kawai yake jira, da layi guda a kasafin kuɗi.

Ra'ayina ke nan: abincin mai tarin fuka, da kuɗin zirga-zirgarsa, da mutumin da zai riƙa leƙa shi, duk ɓangaren magani ne, kuma ya kamata a tanade su da irin muhimmancin da ake tanadar ƙwayoyin. Muddin ana kallonsu a matsayin taimakon jin ƙai da ake yi idan kuɗi ya yi rara, su ne za a fara yankewa duk shekarar da aka shiga matsi.

Ɗauki abinci. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma ƙalilan ne, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, take kwantar da su a tsawon rayuwarsu. Sauran garkuwar jikinsu ce ke danne ta. Abin da ke karya wannan garkuwa an san shi: cutar ƙanjamau, ciwon suga, shan taba, shan giya, sannan wanda ya fi su duka yawan jawo ciwon a duniya, ƙarancin abinci mai gina jiki. A Ingila mace-macen tarin fuka sun yi ta raguwa shekaru da dama kafin a samu ko magani ɗaya, a zamanin da abinci da muhalli suke ɗan inganta. Kwanan nan kuma an gwada abin kai tsaye. A jihar Jharkhand ta Indiya, masu bincike sun riƙa ba iyalan masu cutar, mutum sama da 10,000 aka bibiya, kason abinci duk wata, suka kwatanta waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna sabbin kamuwa sun ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin 100 a gidajen da suka samu. Da wata allura ce ta yi wannan aiki, da duniya ta ɗauka da shewa, ana rige-rigen sayenta. Da yake abinci ne, sai aka ce ai wannan ba hurumin ma'aikatar lafiya ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba a ce wa mai jin yunwa ya haɗiye ƙwayoyi masu juya ciki kullum safe har wata shida, sannan a yi mamakin ya gaza.

Sai ƙyama, wadda nake ganin ta fi ciwon kansa daɗewa a zuciyar mutum. Ranar da sakamakon gwajin kaki ya fito, a gidaje da yawa abin da ake fara yi shi ne a ware wa mara lafiya kofinsa da kwanonsa, a ajiye su gefe guda, a hana yara taɓawa. Masu yin haka ba mugaye ba ne, tsoro ne, kuma tsoron an ɗora shi a kan abin da ba shi ba. Tarin fuka ta iska yake bi, daga tari da atishawa da magana a ɗakin da iska ba ta kewayawa. Ba ya bin kofi, ba ya bin musafaha. Buɗe taga ya fi ware kwano amfani nesa ba kusa ba. Ga shi kuma wanda ya fara shan maganin da ya dace, cikin 'yan makonni haɗarin ya harbi wani yana raguwa ƙwarai. Mafi haɗari a cikin gida shi ne wanda ke tari ba a gwada shi ba, kuma abin da ke hana shi zuwa gwaji sau da yawa shi ne ya ga yadda aka yi wa wanda ya je.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1956 aka fara wani bincike a birnin Madras na Indiya, aka raba majinyata gida biyu, wasu aka kwantar da su a asibitin killacewa shekara guda, wasu aka bar su a gidajensu suna shan magani. Waɗanda suka zauna a gida sun warke kusan daidai da na asibiti, kuma iyalansu ba su fi kamuwa ba. Wannan binciken ne ya taimaka aka rufe asibitocin killacewa a ƙasashe da yawa. An rufe gine-ginen, amma killacewar ta koma cikin gidaje da wuraren aiki. Ana sallamar mutum daga aiki, ana fasa aure, ana janye yara daga jikin uwarsu. Maza su ne suka fi yawa a cikin masu cutar, sama da rabi, kuma sukan jinkirta zuwa asibiti saboda tsoron rasa abin ciyar da gida. Mata kuma abin da suke tsoron rasawa shi ne gidan kansa. A 2023 mutum miliyan 8.2 aka gano aka rubuta, cikin miliyan 10.8 da aka ƙiyasta. Ragowar sama da miliyan biyu da rabin nan, wasu nisan asibiti ne ya ɓoye su, wasu rashin kayan gwaji, wasu kuma da kansu suka ɓuya, saboda sun auna abin da sunan cutar zai jawo musu suka ga gara tarin.

To me hukumomi suka yi game da yanke magani? Amsar da ta yi fice ita ce a sa mara lafiya ya haɗiye ƙwayoyinsa a gaban idon wani. Likita Karel Styblo ne ya gina tsarin a Tanzaniya tun ƙarshen shekarun 1970, kuma bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin lamarin gaggawa na duniya a 1993, ta ɗauke shi ta yaɗa. Dole a yaba wa tsarin. Ya zo da rajista, da tabbacin magani ba ya yankewa a rumbu, da bin diddigin kowane majinyaci har ƙarshe, ya kuma ceci miliyoyin rayuka. Sai dai a wurare da yawa an taƙaita shi ya koma abu guda: ka zo asibiti kullum safe mu ga ka haɗiye. Mutumin da ba ya iya hawa matakala sai ya huta, shi ake so ya yi doguwar tafiya kullum, ya tsaya a layin da duk mai wucewa ya san na masu tari ne. An ce ana sa masa ido don amfaninsa, alhali duk nauyin sa idon a kansa aka ɗora. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, a bitarta ta 2015, ba ta ga cewa kallon haɗiyar shi kaɗai ya ƙara yawan masu warkewa ba. A 2017 ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a riƙa yin hakan a gida ko cikin unguwa, tare da tallafin abinci da na sufuri da kwantar da hankali.

Misalin da ya fi zama mini a rai daga Haiti ya fito, a ƙarshen shekarun 1980. Likita Paul Farmer da abokan aikinsa suna ba da magani kyauta a ƙauyukan tsakiyar ƙasar, amma mutane suna ta mutuwa. Ma'aikatan suka rabu biyu. Wasu suka ce mutanen sun yi imani sammu ne ke jawo ciwon, shi ya sa ba sa riƙe magani da gaske. Wasu suka ce talauci ne kawai. Maimakon a ci gaba da gardama sai aka gwada. Rukuni ɗaya aka ci gaba da ba su magani kyauta kamar da, rukuni na biyu aka ƙara musu ɗan kuɗin abinci duk wata, da na zuwa asibiti, da wani ɗan ƙauyensu da aka horar yana zuwa gidansu. Rukuni na biyu suka warke, na farko kuwa da yawa ba su warke ba, wasu suka rasu. Abin lura shi ne, a cikin waɗanda suka warke akwai masu ganin sammu aka yi musu, kuma hakan bai hana su shanye maganinsu ba. Sau nawa muke jingina abu ga jahilci don kawai wayar da kai ta fi ciyarwa araha?

Shi wannan mai zuwa gida, aikinsa ya wuce ƙirga ƙwayoyi. Shi ne zai lura idon mara lafiya ya fara yin rawaya ya garzaya da shi kafin hanta ta lalace. Shi ne zai ji ƙaramin yaron gidan yana tari, ko ya lura ya daina ƙiba, ya ce a kai shi a duba, domin yara ba sa iya fitar da kaki kuma su ne aka fi mantawa da su a lissafi. Shi ne zai zauna da surukar da ke son a raba auren ya yi mata bayani. Desmond Tutu, sanannen limamin coci na Afirka ta Kudu, ya kwanta sama da shekara a asibiti da tarin fuka yana ɗan saurayi, kuma har tsufansa yana ambaton wani limamin coci, Trevor Huddleston, da ya riƙa zuwa duba shi a kai a kai. A ƙasashe da dama irin waɗannan ma'aikata na cikin al'umma, mafi yawansu mata, ana kiransu 'yan sa kai, ana sallamarsu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko ma ba a ba su komai. Su ne ke shiga ɗakunan da iska ba ta shiga. A biya su albashi, a ba su abin kare numfashi, a riƙa duba lafiyarsu.

Na san akwai mai cewa, duk mun ji, amma wanda ya yanke magani ba kansa kaɗai ya cutar ba. Zai iya renon ƙwayar da ba ta jin magani ya watsa ta ga mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Kimanin mutum 400,000 ne suka kamu da irin wannan tarin a 2023, kuma biyu cikin biyar kaɗai suka samu magani. Akwai ma yanayi, ba kasafai ba, da ya zama dole a keɓe mutum na ɗan lokaci a wurin jinya, bayan an bi duk wata hanya ta gagara. Amma a dubi inda tsauri kan kai idan aka fara da shi. A Kenya, a 2010, an tura wasu maza gidan yari saboda sun katse magani. Gidan yari, inda cunkoso da rashin iska suka sa cutar ta fi ko'ina yaɗuwa, inda Nelson Mandela kansa ya kamu da ita a 1988. A 2016 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa tsare mai tarin fuka a kurkuku da sunan kare lafiyar jama'a ya saɓa wa tsarin mulki. Ko da kotu ba ta faɗa ba, lissafin a fili yake: duk mutum ɗaya da aka ɗaure, mutane da yawa masu tari za su ji labari su ƙi kusantar asibiti. Sannan yawancin masu ɗauke da tarin da ba ya jin magani a yau ba su taɓa yanke wani magani ba. Shaƙar sa suka yi a haka daga wani.

Su waɗannan ma an daɗe ba a saurare su ba. Shekaru da yawa maganinsu yakan ɗauki har shekara biyu, da allura kullum ta tsawon watanni, kuma allurar tana kurmantar da mutane. Majinyaci ya ce yana jin ƙara a kunnensa, a ce ya daure. Phumeza Tisile, ɗaliba ce a Afirka ta Kudu lokacin da ta kamu a 2010, ta warke amma allurar kanamaisin ta tafi da jinta. Ita da Nandita Venkatesan ta Indiya, wadda ita ma haka ta rasa nata jin, su ne suka ƙalubalanci yunƙurin wani kamfani na tsawaita haƙƙinsa a Indiya na mallakar bedakwilin, sabon maganin da ya maye gurbin allurar, kuma a Maris 2023 aka ƙi amincewa da tsawaitawar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina kanamaisin, a 2022 kuma ta amince da haɗin magani na wata shida, duk na haɗiya. Masana kimiyya ne suka samo magungunan, amma waɗanda suka sha wuyar tsofaffin ne suka ƙi yin shiru har aka hanzarta. Duk kwamitin da ke tsara yaƙi da tarin fuka ba tare da wanda ya taɓa kwanciya da shi a teburin ba, zai ci gaba da tsara abin da ya yi kyau a takarda kawai.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan ƙwaya ta ƙarshe, wanda ba a cika zancensa ba. Ranar da gwaji ya nuna babu sauran cuta, ana rubuta "ya warke" a rufe katin, a ƙara shi cikin adadin nasara. Amma huhun da ƙwayar ta ci ba ya komawa yadda yake ga kowa. Da yawa suna fita da tabo a huhu, da haki idan sun yi ɗan sauri, da tarin da ba ya rabuwa da su, kuma duk sanda suka yi shi cikin mutane sai an juyo an kalle su. Mai aikin ƙarfi da ba ya iya ɗaukar kaya kamar da, ga bashin wata shida a wuyansa, ga gurbinsa an ba wani. Wasu ƙuncin zuciyar da ya kama su lokacin jinya ba ya sakinsu. Kuma wanda ya taɓa yi ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin sake kamuwa, musamman idan ɗakin nan mai cunkoso da yunwar nan ya koma. Ina ganin bai kamata a rufe katin a ranar ba. A ba shi ranar dawowa bayan 'yan watanni, a auna numfashinsa, a tambaye shi ko ya koma aiki, a kuma tanadi wurin da za a tura shi idan amsarsa a'a ce.